Kasuwar Da Kowa Ya San Kowa: Nasiha Ga Matashi Mai Neman Ciniki Wurin Masu Elixir

A shekarar 2023, kamfanin Stack Overflow ya tambayi masu rubuta manhaja kusan 90,000 daga sassan duniya wane harshen kwamfuta suke aiki da shi. Fiye da kashi 60 cikin 100 suka ambaci JavaScript. Da aka zo kan Elixir, kashi 2 da 'yan kai ne kawai suka ɗaga hannu, Clojure da Erlang kuwa ko nan ba su kai ba. Duk wanda ya tsaya a wannan shafi zai naɗe tabarmarsa ya ce babu kasuwa a wurin. Amma a wani shafin na binciken, inda aka jera harsuna bisa albashin masu aiki da su, waɗannan ukun duka suna sahun gaba. Kamfani ba ya zuba albashi mai tsoka banza. In ya biya, to aikin da ake yi da harshen nan shi ne jijiyar kasuwancinsa, kuma wanda ya kashe kuɗi kan ma'aikaci zai kashe kan kayan aikin ma'aikacin.

Wannan magana ta shafi matasanmu kai tsaye. A Kano, da Kaduna, da Zariya, da Maraɗi, akwai waɗanda suka koyi rubuta manhaja har suka ƙera wani ɗan abin da suke son sayarwa. Akwai kuma waɗanda wani kamfanin waje ya ɗauka aiki daga nesa, ya ce musu su nemo masa waɗanda ake kyautata zaton za su sayi hajarsa. Da yawansu sukan ruga inda cunkoso yake, wurin masu JavaScript da Python, inda kamfanoni masu biliyoyin daloli suka riga suka kafa rumfa. Ƙaramin harshe yana da wata dama da babba ba shi da ita: mutum ɗaya mai haƙuri yana iya sanin kusan duk kamfanonin da ke amfani da shi, da sunayensu da matsalolinsu. Sai dai wannan ƙanƙantar da ke sauƙaƙa neman mutane ita ce kuma ke sa ɓacin suna ya zagaye kowa kafin la'asar.

Kafin a je ko'ina, wajibi ne mai neman ciniki ya san tarihin mutanen da zai shiga. An ƙirƙiri Erlang a 1986 a kamfanin Ericsson na Suwidin, a hannun Joe Armstrong da Robert Virding da Mike Williams, don tafiyar da na'urorin musayar tarho waɗanda ba a yarda su mutu ko na minti ɗaya ba. A 1998 aka buɗe shi ga kowa kyauta. Da shi aka gina WhatsApp, kuma lokacin da Facebook ya sanar da sayen WhatsApp a watan Fabrairun 2014 kan dala biliyan 19, ma'aikata kimanin 55 ne ke riƙe da manhajar da mutum miliyan 450 ke amfani da ita. Elixir kuwa wani ɗan Burazil mai suna José Valim ne ya fara shi a 2011 a kamfanin Plataformatec, ya ɗora shi kan injin Erlang da ake kira BEAM, siga ta 1.0 ta fito a watan Satumban 2014. A 2017 kamfanin Discord ya bayyana yadda ya ɗauki mutum miliyan 5 a lokaci guda da wannan harshe.

Me wannan tarihi ke gaya wa mai talla? Yana gaya masa irin kamfanin da ke zaɓar Elixir: mai ɗimbin masu amfani a lokaci ɗaya, mai ƙaramar tawagar injiniyoyi, wanda tsayawar manhaja ta sa'a guda ke jawo wa asara. Mutanen da ke irin wannan wuri sun zaɓi harshensu da gangan, sau da yawa bayan sun yi gardama da shugabanninsu. Suna alfahari da shi, suna kuma gane baƙon da ya haddace sunan harshen jiya da daddare tun daga layin farko na saƙonsa. Matashin da ke son yi musu talla ya zauna ya rubuta ko da ƙaramar manhaja da Elixir, ya ɗora ta a intanet, ya ga inda take cizo. Wanda bai taɓa jin zafin matsala ba, ba zai iya kwatanta maganinta da lafazin da masu ita ke ganewa ba.

Wani abu da ke rikita sabon shiga shi ne ɗaukar kowane mai rubuta Elixir a matsayin mai saye. Da yawansu ɗalibai ne, ko masu sha'awa da ke taɓa harshen da daddare bayan sun tashi daga aikin Java ko PHP. Waɗannan mutanen kirki ne, suna iya yabon haja su yaɗa labarinta, amma ba su da kasafin kuɗi. Mai saye shi ne kamfanin da manhajarsa ke gudana da Elixir a yau, kwastomomi na biya a kanta. Injiniya ƙofa ce zuwa wannan kamfani: shi zai gwada hajar, shi zai ce tana da kyau ko ba ta da shi, amma wanda zai sa hannu a takardar biya shugaban sashen fasaha ne ko mai kamfanin. Colin Fleming, wanda ya ƙera Cursive, kayan aikin rubuta Clojure, ya gane wannan rarrabewa ya gina farashinsa a kanta: ɗalibi da mai aikin sa kai su ɗauka kyauta, mai neman kuɗi da shi ya sayi lasisi.

To, ina ake ganin waɗannan kamfanoni? A nan ne aikin ya fi daɗi, domin kusan duk abin da ake buƙata a fili yake, kamfanonin da kansu suka baje shi.

Mafi ƙarfin alama ita ce sanarwar ɗaukar ma'aikata. Kamfanin da ya rubuta cewa yana neman injiniyan Elixir ya faɗi abubuwa uku ba tare da an tambaye shi ba: yana amfani da harshen da gaske, yana da kuɗin kashewa, kuma aiki ya fi ƙarfin mutanen da yake da su. Mai lura zai karanta sanarwar har ƙasa, domin a can ake jera sauran kayan aikin: ma'ajiyar bayanai irin PostgreSQL, tsarin Phoenix na gina shafukan intanet da Elixir, kamfanin da ke riƙe musu sabobi. Idan hajar mutum ta sa ido kan kurakuran manhaja ce, sai ya ga sanarwa na cewa wanda za a ɗauka zai riƙa tashi da dare in manhaja ta faɗi, to ya sami gidan da matsalarsa ke kwana. Sanarwar kuma tana da kwanan wata. Ta makon jiya ta fi ta bara daraja nesa ba kusa ba.

Sai labaran da kamfanoni ke bayarwa da bakinsu. Shafin harshen Elixir kansa yana wallafa bayanan yadda kamfanoni ke aiki da shi, irin su Discord, da PepsiCo, da Change.org, da SparkMeter mai ƙera mitocin lantarki na zamani da ake girkawa a ƙananan tashoshin wuta a ƙasashen Afirka, har da Nijeriya. A cikin waɗannan bayanai akan faɗi yawan injiniyoyi, da abin da aka gina, da abin da ya ba su wahala. Haka tarukan shekara: ElixirConf a Amurka, ElixirConf EU a Turai, tarukan Code BEAM, da ElixirConf Africa wanda masu harshen a Kenya ke jagoranta. Ana ɗora jawabai da yawa a YouTube kyauta, saboda haka rashin biza ko kuɗin jirgi ba ya hana matashi a Katsina sauraronsu. Injiniyan da ya tsaya minti 40 yana bayanin yadda jerin ayyukan manhajarsu ya cushe ranar babban ciniki ya yi wa mai talla rabin aikinsa. Jerin kamfanonin da suka ɗauki nauyin taro, da na masu tallafa wa gidauniyar Erlang Ecosystem Foundation da aka kafa a 2019, shi ma abin dubawa ne, domin wanda ya fitar da kuɗi don harshe ya nuna cewa ya daɗe a cikinsa kuma ba shi da niyyar fita.

Akwai kuma Hex, rumbun da masu Elixir da Erlang ke ajiye ƙunshin manhajojin da suke rabawa. Yana nuna sau nawa aka sauke kowane ƙunshi, da waɗanne ƙunsoshi ne suka dogara da shi. A GitHub, dandalin da masu rubuta manhaja ke ajiye ayyukansu, kusan duk aikin da ke ɗauke da fayil mai suna mix.exs na Elixir ne, kuma a cikin fayil ɗin an jera abin da aikin ya dogara da shi. Kamfanin da ya wallafa ƙunshi da sunansa, yana kuma gyara shi a kai a kai, ya tabbatar da cewa yana da injiniyoyin da ke raye a harshen.

Duk wannan sai a tattara shi a littafi ko a jadawalin kwamfuta: sunan kamfani, ƙasarsa, abin da yake sayarwa, hujjar da ta nuna yana amfani da harshen, ranar da aka ga hujjar, da matsalar da ake zaton hajar za ta warware masa. Gurbin ƙarshen nan shi ne ma'auni. Kamfanin da aka kasa rubuta masa matsala a jimla ɗaya, a bar shi tukuna. Jerin kamfanoni 50 da aka san ciwon kowannensu ya fi amfani a kan adireshin imel 5,000 da ba a san masu su ba.

A daidai wannan gaɓa ce shaiɗan ke raɗa wa matashi mai basira. Ya iya rubuta manhaja, ya san cewa adireshin imel na masu aiki yakan bayyana a tarihin gyare-gyaren da suka yi a GitHub, ya san cikin dare ɗaya zai iya kwashe dubbai ya tura musu saƙo iri ɗaya. Kada ya kuskura. Ƙa'idojin GitHub sun hana amfani da bayanan da aka kwasa daga wurinsu don tura saƙonnin da ba a nema ba, ko sayar da su ga masu neman ma'aikata. Dokar kare bayanai ta Tarayyar Turai, GDPR, wadda ta fara aiki ranar 25 ga Mayun 2018, ta tanadi tarar da ke iya kaiwa yuro miliyan 20 ko kashi 4 cikin 100 na cinikin kamfani na shekara a duniya, kuma da yawa daga masu Elixir a Turai suke, a Folan da Jamus da Suwidin da Holan. A gida ma, tun watan Yunin 2023 Nijeriya ke da dokar kare bayanan jama'a da hukumar da ke kula da ita. Wanda ke yi wa kamfanin waje aiki ya sani cewa laifin da ya yi daga ɗakinsa yana iya faɗawa kan kamfanin, kuma shi za a fara sallama.

Ko da babu doka, akwai amana. Mutum ya bar adireshinsa ne don abokan aikin sa kai su same shi, ba don a cika masa akwati da talla ba. Kasuwar ƙaramin harshe tamkar kasuwar ƙauye take, wadda ke ci mako-mako: dillalin da ya yi algus ranar Laraba, kafin wata Larabar babu rumfar da ba ta ji ba, kuma babu wata kasuwar da zai koma. Masu Elixir suna haɗuwa a taruka ɗaya, suna sauya aiki tsakanin kamfanoni kaɗan, suna nuna wa juna hoton saƙon da ya ɓata musu rai tare da sunan wanda ya aiko. Wannan ɗabi'a ba ta masu Elixir kaɗai ba ce. A watan Oktoban 2020, lokacin gasar Hacktoberfest da kamfanin DigitalOcean ke shiryawa, mutane suka yi ta tura gyare-gyaren banza ga ayyukan sa kai don kawai su sami rigar kyauta. Masu ayyukan suka yi ca, har sai da kamfanin ya sauya ƙa'idar gasar cikin 'yan kwanaki. Taimakon ƙarya ana gane shi, kamar yadda ake gane tallan da aka lulluɓe da rigar tambaya.

Waɗanda suka ci riba a irin wannan kasuwa, hanyarsu a bayyane take. Mike Perham ya fitar da Sidekiq a 2012, kayan aikin da ke tafiyar da ayyukan bayan fage a manhajojin Ruby, ya bar shi kyauta, sannan ya ƙera siga mai ƙarin ƙarfi ta kuɗi. Duk kamfanin da ya girma da na kyautan, da ƙafarsa yake zuwa neman na kuɗin, kuma Perham ya faɗa a hirarraki cewa kuɗin da ke shigo masa a shekara ya haura dala miliyan 1. A Elixir, Parker Selbert ya bi irin wannan sawu da Oban tun 2019, shi da Shannon Selbert suka ɗora Oban Pro a kansa. Su waye masu sayensu? Mutanen da suka riga suka girka na kyautan, suka kawo ƙorafi, aka amsa musu da ladabi da sauri. Kowace tambaya mai wuya da ta fito daga injiniyan kamfani alama ce cewa kamfanin ya kai girman da zai biya.

Kamfanin Fly.io, mai ba da hayar sabobi, ya ɗauki Chris McCord, wanda ya ƙirƙiri Phoenix, aiki a 2021 don ya ci gaba da gina tsarin da kowa ke amfani da shi kyauta. Yau a cikin littafin jagorar Phoenix akwai babin yadda ake ɗora manhaja a Fly.io. AppSignal na ƙasar Holan ya shafe shekaru yana wallafa darussan Elixir masu zurfi waɗanda mutum zai amfana da su ko bai sayi komai ba, har ya shahara da aika wa kwastomominsa wani biskit mai zaƙi na ƙasarsu.

Matashin da ke Sakkwato ba shi da kuɗin ɗaukar McCord aiki, amma yana da abin da ake ƙishirwarsa a kowane ƙaramin harshe: lokaci da hannu. Takardun bayani na ƙunsoshi da yawa suna da giɓi. Akwai ƙorafe-ƙorafen da suka yi watanni ba wanda ya duba. Akwai kamfanonin biyan kuɗi da na aika saƙon tes waɗanda ke da kayan haɗi na JavaScript da Python amma na Elixir ɗinsu ya tsufa ko babu shi sam. Wanda ya gyara ɗaya daga cikin waɗannan da gaske, ya ci gaba da kula da shi, sunansa zai zama sananne kafin ya buɗe baki da maganar kuɗi. Hausawa sun ce zumunci a ƙafa yake. A nan ƙafar ita ce aikin da aka gani an yi.

In lokacin saƙon farko ya yi, a tura shi ga mutum ɗaya, ta hanyar da kamfanin ya buɗe don haka ko wadda mutumin ya ce a same shi. A faɗi suna da kamfanin da ake wa aiki tun a layin farko, ba ɓoye-ɓoye. A ambaci inda aka ga matsalar, misali jawabin da ya yi a taron bara. A faɗi abin da hajar ke yi cikin jimla biyu, da farashinta, da hanyar gwada ta ba sai an yi waya da kowa ba, domin injiniyoyi sun tsani a ɓoye musu farashi a ce sai an zauna. In akwai abin da hajar ba ta iya ba, a faɗa. In an yi shiru, tuni ɗaya bayan mako ko biyu ya wadatar. In an ce a'a, a yi godiya, a rubuta dalilin a littafi, kada a sake damun mutumin. Injiniyan da ya ce a'a bana yana iya komawa wani kamfanin baɗi, kuma zai tuna wanda ya mutunta shi.

Ya kamata a faɗi ɗaya gefen ma, don kada matashi ya zuba shekarunsa a rijiyar da ba ruwa. Ƙaramar kasuwa tana da rufi, kuma sau da yawa 'yan manyan kamfanoni ne ke juya ta. Bankin Nubank na Burazil, wanda aka kafa a 2013 kuma kwastomominsa suka haura miliyan 100 a 2024, ya sayi Plataformatec a watan Janairun 2020, sannan a Yulin shekarar ya sayi Cognitect, kamfanin da ke kula da Clojure da ma'ajiyar bayanai ta Datomic. A watan Afrilun 2023 aka mayar da Datomic kyauta. Abin da ake biya jiya yana iya zama na kowa gobe, da shawarar kamfani ɗaya. Shi ya sa lissafi ke gaban komai: a ƙidaya kamfanonin da ke cikin littafi, a ɗauka kaɗan ne daga cikinsu za su saya, a ninka da farashin shekara, a ga ko zai ciyar da gida. In bai kai ba, ko dai a ɗaga farashi ta hanyar warware matsala mafi tsada, ko a leƙa maƙwabta. AppSignal da Ruby ya fara kafin ya ƙara Elixir, daga baya Node.js da Python. Mai hajar Elixir yana da Erlang a gefensa, da Gleam wanda sigarsa ta 1.0 ta fito a watan Maris na 2024, duk a kan injin BEAM ɗaya.

Kada kuma a raina harshe don ya tsufa ko don ba a yayinsa. COBOL ya fito tun 1959, amma a watan Afrilun 2020 gwamnan jihar New Jersey ta Amurka, Phil Murphy, ya fito yana cigiyar waɗanda suka iya shi, saboda tsarin biyan marasa aikin yi ya cushe lokacin korona. A 2024 kamfanin Rocket Software ya biya sama da dala biliyan 2 don sayen wani sashen OpenText wanda kayan aikin COBOL ke cikinsa.

Matashin da ya karanta wannan kuma yake da niyya ta gaske, ya zaɓi harshe ɗaya tak a wannan watan, ya girka shi a kwamfutarsa, ya rubuta abin da ke aiki da shi. Ya buɗe littafi ya cika shi da kamfanoni 30 waɗanda ya ga sanarwar ɗaukar aikinsu ko jawabin injiniyansu da idonsa, ya rubuta matsalar kowanne a gabansa. Ya nemi ƙunshi ɗaya a Hex da ke buƙatar gyara ya gyara shi. Kada ya tura wa kowa saƙon talla sai ya gama waɗannan.